Yadda Ake Auna Saurin Hucewar Zugaggen Oksijin a Ɗakin Gwaji

A cikin ruwan da muke sha, zugaggen oksijin, wato oksijin da aka ɗura wa ƙarin kuzari, ba ya wuce mikrosakan uku da rabi kafin ya huce. Mikrosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Saka shi cikin ruwa mai nauyi, wato D₂O, wanda haidirojinsa nau'i ne mai nauyi da ake kira dutiriyam (D), sai ya kai wajen mikrosakan 67. Idan ya samu sarari shi kaɗai, babu abin da zai yi karo da shi, yakan haura awa guda riƙe da kuzarinsa, kusan minti 72. Oksijin ɗin dai shi ne, kuzarin ma shi ne. Maƙwabta ne suka canza. Don haka wanda ya zauna auna wannan lokaci, muhallin yake yi wa tambaya: wa yake karɓe kuzarin, kuma da wane irin sauri?

Masu jiran amsar suna da yawa. Likitocin da ke kashe ƙwayoyin cutar daji da rini da haske suna son sanin nisan da wannan oksijin zai yi kafin ya huce, kuma a ruwa nisan bai wuce kimanin nanomita 200 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Masu harkar man girki suna neman abin da zai hana mai lalacewa idan ya sha rana. Haka masu roba da fenti.

Abin da ake aunawa

Oksijin da muke shaƙa yana da wata ɗabi'a da ba kasafai ake samunta ba. Ilektiron biyu na bakin waje kowanne yana mazauninsa, kuma juyinsu yana kallon gefe ɗaya. Wannan yanayi shi ake kira tiripilet. Idan aka ɗura masa kuzarin kilojul 94 a kowace mol, juyin biyun sai ya saɓa wa juna, ya koma singilet. Shi nake kira zugaggen oksijin, don kamar gawayin maƙera yake bayan an sa masa zugazugi: gawayin nan ne dai, amma yanzu duk abin da ya taɓa sai ya ji a jikinsa. Akwai wani mataki a sama, mai kilojul 157, sai dai a cikin ruwa-ruwa nan da nan yake gangarowa zuwa na 94, don haka ba da shi za mu yi ba.

Ta hanya uku yake rabuwa da kuzarinsa. Yana iya fitar da shi a matsayin haske mai tsawon zango nanomita 1270, wanda ido ba ya gani. Yana iya zuba shi cikin karkarwar ƙwayoyin ruwan da yake ciki, ya zama ɗumi. Ko kuma ya ci karo da wani sinadari da zai kashe masa kuzari, ko ta karɓewa kawai ko ta haɗewa da shi. Hanyar hasken ita ce mafi rauni, domin dokokin juyin ilektiron sun kusa toshe ta. A cikin ruwa, ƙwayar da ke fitar da haske ba ta kai ɗaya cikin miliyan ba. Amma da wannan ɗan hasken za mu yi aiki, tunda ƙarfinsa a kowane lokaci yana bin adadin zugaggen oksijin da ya saura.

Abin da muke nema zan kira shi wa'adi, ana rubuta shi da harafin Girka τ. Shi ne lokacin da hasken yake ɗauka kafin ya sauko zuwa kashi 37 cikin ɗari na inda ya fara. Idan ka raba ɗaya da wa'adin, ka samu saurin hucewa.

An daɗe kafin a iya ganin hasken nan. Tun 1931 Hans Kautsky a Jamus ya ɗora rini a kan wasu ƙwayoyin silika, ya ɗora abin da za a ƙona a kan wasu daban, ya haska, ya ga aikin ya auku duk da ba su taɓa juna ba. Ya ce lallai akwai wani zugaggen oksijin da ke tsallakawa tsakani. Ba a kula shi sosai ba sai 1964, da Christopher Foote da Wexler suka farfaɗo da maganar a Amurka. A 1972 Merkel da Kearns suka nuna, ta hanyar kewaye, cewa ruwan narkarwa ne ke yanke wa'adin, kuma ruwa mai nauyi yana tsawaita shi ninki-ninki. Alexander Krasnovsky ƙarami ne a Mosko ya fara kama hasken 1270 ɗin a cikin narkakken haɗi a 1976, sannan a 1982 Rodgers da Snowden suka bi raguwarsa a kan lokaci a cikin ruwa, suka samu kusan mikrosakan 4. Hanyar tasu ce har yau ake bi, kayan aiki ne kawai suka inganta.

Mataki na farko: zaɓi ruwan narkarwa, kuma kada ka fara da ruwa

Kusan kowane ɗalibi da ruwa yake son farawa, don shi ne ya shafi jikin ɗan Adam. Ni dai ba na ba da wannan shawarar. A ruwa siginar ta fi rauni, wa'adin ya fi gajarta, kuma nan ne tarkon da zan yi bayani a mataki na shida ya fi kama mutane. Ka koyi hannu da toluwin, inda wa'adin yake wajen mikrosakan 30, ko asetonaitiril, wajen 75 zuwa 80. A metanol kusan 10 ne, a itanol kusan 15, a kulorofom ya haura 200. A CCl₄ kuwa ba maganar mikrosakan ake yi ba, ana maganar gomman milisakan ne, kowanne mikrosakan dubu.

Dalilin wannan bambanci yana da daɗin fahimta. Kuzarin zugaggen oksijin, idan aka auna shi da ma'aunin masu nazarin karkarwar ƙwayoyi, kusan 7880 ne a kowace santimita. Mahaɗin O–H yana karkarwa a wajen 3400, don haka da kaɗawa biyu da 'yan kai ya kwashe kuzarin duka. C–H yana wajen 3000. O–D kuwa 2500 ne, C–D 2200, C–Cl bai ma kai 1000 ba. Kamar mai neman canjin dubu ne: wanda ke riƙe da 'yan ɗari biyar-biyar nan take zai sallame shi, mai 'yan hamsin-hamsin kuwa sai an jira ya ƙirga. Shi ya sa musanya haidirojin da dutiriyam kawai yake ninka wa'adin kusan sau ashirin a ruwa.

Mataki na biyu: rinin zuga

Ba a zuga oksijin kai tsaye da haske a irin wannan gwaji, don ba ya shan hasken yadda zai wadatar. Rini ake sawa ya sha hasken, ya shiga nasa yanayin tiripilet, sannan idan ya yi karo da oksijin ya miƙa masa kuzarin. Fenalenon ne sarkin wannan aiki: kusan duk ƙwayar hasken da ya sha tana haifar da zugaggen oksijin guda, kuma ba ya cika fitar da nasa hasken da zai dame ka. Yana shan nanomita 355 da kyau. Ros bengal yana ba da kusan kashi 75 cikin ɗari a ruwa, ana haska shi da 532, amma yana saurin kodewa. Shuɗin metilin, wanda aka taɓa yin maganin zazzaɓin cizon sauro da shi tun 1891, yana ba da wajen kashi 52, kuma yana da halin cuɗewa da 'yan uwansa idan ya yi kauri a ruwa, ga manne wa gilashi.

Ka haɗa rinin yadda shan haskensa a tsawon zangon lezarka zai tsaya tsakanin 0.1 da 0.3 a kubet, wato 'yar kwalbar da ake zuba haɗin a haska shi, mai faɗin santimita ɗaya. Ido zai ce maka ya yi tsarara. Ka bar shi haka. Idan ya yi kauri, gaban kubet ɗin ne kawai zai sha hasken, kuma rinin da kansa zai shiga sahun masu kashe kuzarin oksijin, ya rage maka wa'adi ba ka sani ba.

Mataki na uku: jera kayan aiki

Ana buƙatar leza mai walƙiya gajeriya, wadda ta fi wa'adin gajarta nesa ba kusa ba. Lezar da ake kira Nd:YAG ce aka fi samu, walƙiyarta nanosakan 5 zuwa 10, tana ba da 532 ko 355. Hasken zai shiga kubet ta gefe ɗaya, idon na'urar da ke kama hasken kuma ya zauna a kusurwar digiri 90, kusa da kubet ɗin iya yadda zai yiwu, da madubin tattara haske a tsakani.

Gaban idon ake sa rariyar haske kashi biyu. Ta farko faranti ne na silikon, wanda ke tare duk hasken da ke ƙasa da wajen nanomita 1100. Ta biyu siririyar rariya ce da ke barin 1270 da ɗan abin da ke gefensa kawai. Ka tanadi wasu biyu irinta, ɗaya a wajen 1200, ɗaya a wajen 1330, za su yi maka rana nan gaba. Ka kuma tuna cewa asalin hasken Nd:YAG 1064 ne, kuma ragowarsa tana bin 532 da 355 ta fito idan ba a tace ta tun daga bakin lezar ba. Wannan ragowar maƙwabciyar 1270 ce, ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya makantar da idon na'urar na ɗan lokaci.

Idon da kansa iri-iri ne. Na da, na jamaniyam ne da ake sanyaya shi da ruwan naitirojin a digiri 196 ƙasa da sifili. Yana gani sosai amma yana da nawa, martaninsa yakan ɗauki kaso mai tsoka na mikrosakan, wanda ba komai ba ne a toluwin amma matsala ce a ruwa. Akwai na wani haɗin sinadari da ake kira InGaAs. Sai kuma bututun ninka haske na kamfanin Hamamatsu da ke gani har 1400 ko 1700, mai martani cikin nanosakan, wanda ke ba ka damar ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya. Shi ne ya sauƙaƙa aiki a ruwa da cikin ƙwayoyin halitta, irin wanda ɗakunan gwajin Peter Ogilby a Aarhus ta Denmak da Santi Nonell a Basalona suka shahara da shi. Idan da osiloskop kake aiki, ka rufe wayar siginar da om 50. Mantawa da wannan yakan haifar da lanƙwasa mai kyan gani, amma ta waya ce da na'ura.

Tabarau na kariya wajibi ne, kuma ya zama wanda ya dace da duk tsawon zangon da lezar ke fitarwa, har da 1064 da ba ka gani. Cire agogo da zobe kafin ka kai hannu kan tebur.

Mataki na huɗu: ɗauki sigina ta farko

Zuba wajen mililita 3 na haɗin a kubet na kwatsi, ka bar shi da iskar da ya sha a ɗaki. Ka kashe fitila ko ka rufe akwatin da baƙin ƙyalle. Sauke ƙarfin lezar ƙasa da milijul ɗaya a kowace walƙiya. Saita na'urar ta fara rubutu ɗan lokaci kafin walƙiyar, domin ka san inda sifilinka yake, kuma ta ci gaba har aƙalla ninki biyar na wa'adin da kake tsammani. A toluwin ka ba ta mikrosakan 200.

Walƙiya ɗaya ba za ta nuna maka komai ba sai hayaniya. Tarawa ake yi a ɗauki matsakaici, kuma tsabtar siginar tana ƙaruwa ne da tushen murabba'in adadin: walƙiya 400 ta fi 100 tsabta sau biyu kacal. Saboda haka kafin ka ce za ka kwana kana tarawa, fara matso da madubin tattarawa da gyara saitinsa, ribar can ta fi yawa. Mai leza mai saurin maimaitawa ya lura da tazara. A walƙiya 10,000 cikin sakan, tazarar mikrosakan 100 ce, ba ta isa D₂O ya gama hucewa ba, sai wutsiyar wannan ta hau kan wancan. A can sai ka sauko ƙasa da 3,000.

Abin da za ka gani: wani tsini mai tsawo daidai lokacin walƙiyar, wanda hasken rinin ne da tarwatsewar lezar, sai ɗan hawa, sai gangara a hankali. Ka yanke tsinin, ka fara lissafi daga inda ya lafa. Cire sifilin, ka zana logaridim na siginar a kan lokaci. Idan layi ya miƙe, karkatarsa ita ce saurin hucewa. Kwamfuta za ta daidaita maka lissafin S = S₀ × exp(−t/τ) cikin ƙiftawar ido, amma kada ka tsaya kan lambar da ta bayar. Duba ragowar da ke tsakanin layin lissafi da ainihin ɗigogin. Ya kamata ta warwatsu sama da ƙasa ba tsari. Idan ta yi siffar igiyar ruwa, akwai abin da lissafin bai kama ba. Sannan ka matsar da wurin fara lissafin gaba kaɗan, ka sake. In wa'adin ya canza, ba ka gama ba.

Mataki na biyar: yi ƙoƙarin ƙaryata siginarka

A nan gizo yake saƙa. Kusan duk abin da aka haska da leza yana ba da wata lanƙwasa mai gangara, kuma kwamfuta ba ta ƙin ba da lamba. Kafin ka rubuta cewa zugaggen oksijin ka gani, sai siginar ta tsallake gwaji huɗu.

Fara da kore oksijin. Busa naitirojin ko agon cikin haɗin ta siririyar allura na minti 15 zuwa 20, ka toshe, ka sake aunawa. Dole siginar ta ɓace. Idan ta tsaya, ko ma ta ƙaru, to hasken rinin da kansa kake kallo, domin tiripilet ɗin rini yakan daɗe idan babu oksijin da zai karɓe masa kuzari. A ruwan narkarwa mai saurin tashi kamar toluwin, ka fara bi da iskar ta cikin wata kwalba mai irin ruwan, don kada haɗinka ya ƙafe ya yi kauri.

Na biyu, canza rariya. Hasken zugaggen oksijin siriri ne, yana tsaye a wajen 1270 zuwa 1275. Da ka sa rariyar 1200 ko ta 1330, ya kamata ya faɗi warwas. Wutsiyar hasken rini kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, za ka same ta a duka ukun, ta ma fi ƙarfi a 1200.

Na uku, auna ruwan narkarwar shi kaɗai ba rini. Na huɗu, canza muhalli ka ga ko wa'adin zai bi abin da aka sani: daga H₂O zuwa D₂O ya tsawaita, da ɗan sodiyam azayid, gishirin da ke kashe masa kuzari, ya gajarta.

Maganar D₂O ta tuna min da wani yini da na ɓata. Na auna na samu mikrosakan 48 maimakon 67. Na sake, 48. Na zargi rinin, na zargi kwalbar, har na fara tunanin ko idon na'urar ne ya gaji. Da yamma wani babban ɗalibi ya leƙo, ya ɗaga kubet ɗin sama ya kalla, ya ce, "Malam, da me ka ɗauraye wannan?" Da ruwa na ɗauraye, ban busar ba. Ka yi lissafin da kanka: saurin hucewa a D₂O kusan 15,000 ne a sakan, a H₂O kusan 286,000. Kashi ɗaya cikin ɗari na ruwan yau da kullum yana ƙara wajen 2,700, wa'adi ya sauko zuwa kusan 56. Kashi biyu da ɗoriya ya kai shi 48, kuma a mililita 3 wannan ɗigo ɗaya ne da rabi. Tun daga ranar, da D₂O nake ɗauraye kubet na ƙarshe, kuma ba na barin kwalbar a buɗe, don tana jan danshin iska. Mai aiki a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska, musamman da damina, ya riƙe wannan da kyau.

Mataki na shida: hawa da gangara suna iya musanya wuri

Zugaggen oksijin ba ya bayyana gaba ɗaya a lokacin walƙiya. Sai tiripilet ɗin rini ya samu oksijin ya miƙa masa tukuna, wannan kuma yana da nasa wa'adin, τT. Cikakken lissafin siginar shi ne:

S(t) = S₀ × τ/(τ − τT) × [exp(−t/τ) − exp(−t/τT)]

A toluwin da ya sha iska, narkakken oksijin wajen milimola 2 ne (mola ma'aunin kaurin haɗi ne, milimola kashi ɗaya cikin dubunsa), don haka miƙawar takan ƙare cikin kashi ɗaya bisa huɗu na mikrosakan, ba ta dame ka ba. A ruwa kuwa oksijin ɗin wajen milimola 0.27 ne kawai a digiri 25, sai τT ya kai kusan mikrosakan 2, dab da 3.5 ɗin da kake nema. Dole ka daidaita da cikakken lissafin, hawa da gangara tare.

Ga tarkon. Lissafin nan bai san wane ne wane ba. Kullum gajeren wa'adi shi ke fitowa a hawa, dogon kuma a gangara, ko na waye. Ka zuba azayid milimola ɗaya a ruwa, wa'adin oksijin ya sauko wajen 1.3, sai ya koma shi ne hawan, gangarar kuma ta zama ta rini. Wanda bai sani ba zai ci gaba da ƙara azayid yana ganin gangarar ta tsaya cik a wajen 2, ya ce mai kashewar ya daina aiki.

Maganinsa sauƙi ne. Busa tsantsar oksijin a haɗin maimakon iskar ɗaki. Narkakken oksijin zai ninka kusan sau biyar, τT ya ragu da kusan haka, wa'adin zugaggen oksijin kuwa kusan bai motsa ba. Lambar da ta gudu ta rini ce, wadda ta tsaya ita ce taka.

Mataki na bakwai: ƙarfin leza da kaurin rini

Sake aunawa a ƙarfin leza uku ko huɗu, daga mafi ƙanƙanta da za ka iya gani zuwa sama. Tsayin siginar ya riƙa bin ƙarfin daidai wa daida, wa'adin kuma ya tsaya. Idan yana raguwa da ƙarin ƙarfi, ka koma ƙasa ko ka miƙa layin zuwa sifili. Yi haka da kaurin rini ma, musamman a ruwan narkarwa mai dogon wa'adi, inda ɗan ƙazanta kaɗan yake da tasiri babba. Auna shan hasken haɗin kafin da bayan aiki, in ya ragu da fiye da kashi kaɗan cikin ɗari ka zuba sabo.

Mataki na takwas: auna ƙarfin mai kashe kuzari

Yawanci wannan ne ainihin abin da ya kawo mutum. Kana da wani sinadari, kana son sanin da wane sauri yake hutar da zugaggen oksijin. Dokar ita ce ta Stern da Volmer:

1/τ = 1/τ₀ + kq × [Q]

τ₀ wa'adi ne ba tare da sinadarin ba, [Q] yawansa a mola, kq kuma lambar da kake nema. Haɗa ruwan sinadarin mai kauri, ka riƙa ɗiga mikrolita kaɗan-kaɗan a kubet ɗin don kada rinin ya tsarara, kana auna wa'adi bayan kowane ƙari. Ɗigo biyar zuwa bakwai sun isa, a baza su har wa'adin ya sauko zuwa kashi ɗaya bisa huɗu ko biyar na farkonsa. Zana 1/τ a kan [Q]. Karkatar layin ita ce kq, kuma inda ya taɓa sandar tsaye dole ya dace da 1/τ₀ da ka auna da farko.

Ka fara gwada hannunka da wanda aka san amsarsa. Azayid a ruwa yana da kq wajen 5 × 10⁸ a kowace mola a sakan. Da wannan lambar, a D₂O lissafi yana cewa milimola 0.05 zai sauko da wa'adi daga 67 zuwa 25, milimola 0.1 zuwa wajen 15, milimola 0.2 zuwa ƙasa da 9. Ka ga amfanin D₂O ke nan: ya ba ka fili mai faɗi, ba ka kusanci τT ba. Amma azayid guba ne mai kisa. Da asid yana fitar da iska mai guba, da tagulla ko dalma kuma yana haɗa gishiri mai fashewa, don haka ba a zuba shi a magudanar ruwa, ba a ɗebo shi da cokalin ƙarfe.

Beta-karotin, wanda ke ba manja da karas launinsu, ya fi azayid sauri nesa, kq ɗinsa ya haura 10¹⁰, wato kusan kowane karo sai ya kashe. Foote da Denny ne suka gano haka a 1968. Maikromola 5 kacal a toluwin ya isa ya sauko da wa'adi daga 30 zuwa wajen 12. Laikofin na tumatir ya ma fi shi, kamar yadda Di Mascio da Kaiser da Sies suka nuna a 1989. Sirrinsu shi ne matakin tiripilet ɗin karotin yana ƙasa da kilojul 94, don haka kuzarin gangara kawai yake yi zuwa gare shi, shi kuma ya sake shi a matsayin ɗumi, ya koma yadda yake.

Wani alherin auna wa'adi shi ne, ko sinadarinka ya sha wani kaso na hasken lezar, tsayin siginar kawai zai ragu, wa'adin bai san an yi ba. Sai dai kq ɗin da ka samu jimilla ce ta abu biyu, kashewar da ba ta cin sinadarin da haɗewar da ke cinye shi. Azayid da karotin yawanci na farkon suke yi. Histidin da metiyonin, waɗanda ke cikin tubalan furotin, haɗewa suke yi. Raba su yana buƙatar gwaji daban, inda za ka haska na tsawon lokaci kana auna yadda sinadarin yake raguwa, ka kwatanta da wanda aka san saurin haɗewarsa.

Idan babu idon 1270

Ɗakunan gwaji da yawa ba su da leza, balle idon da ke gani a 1270, amma suna da ma'aunin shan haske na yau da kullum. Da shi ana iya samun kq ta hanyar kewaye. Ana sa wani sinadari mai suna DPBF, wanda ke shan haske a wajen nanomita 410 kuma zugaggen oksijin yana cinye shi da sauri. Haɗa shi da shuɗin metilin a metanol, ka haska da jar fitilar LED wadda rinin kaɗai ke sha, sakan biyar-biyar ko goma-goma, kana auna 410 bayan kowane haskawa. Zana logaridim na shan hasken a kan lokaci, ka samu karkata. Maimaita da mai kashe kuzari a kauri daban-daban. Karkatar farko a raba da ta bayan ƙari tana daidai da 1 + kq × τ₀ × [Q]. A nan τ₀ aro za ka yi daga ma'aunin wasu, wajen mikrosakan 10 a metanol, kuma babban tarin da Wilkinson da Helman da Ross suka wallafa a 1995 shi ne inda aka saba duba irin waɗannan lambobi. Sharaɗin lissafin shi ne DPBF ya zama kaɗan, wajen maikromola 10, yadda shi kansa ba zai rage wa'adin sosai ba. Hasken ɗaki ma yana kodar da shi, don haka a duhu ake haɗa shi, a naɗe kwalbar, a yi sabo kowace rana. Fitilar kuma a ɗora ta kan batir, don wutar da ke hawa da sauka za ta lanƙwasa maka layi.

Ɗalibanmu masu son gwada ruwan tsirrai su yi hattara da wannan hanya. Ruwan ganyen zogale yana ɗauke da kulorofil, shi kuma kulorofil rinin zuga ne, yana shan jan haske ya haifar da nasa zugaggen oksijin, sai abin da ka sa don ya kashe ya koma yana hurawa. Ruwan zoɓo yana shan haske a wajen 520, don haka idan da ros bengal da koriyar fitila kake aiki, zai tare wa rinin haske, DPBF ya rage kodewa, ka ɗauka kashewa ce alhali inuwa ce kawai. A nan shan hasken sinadarin yana shiga lissafi kai tsaye, ba kamar a auna wa'adi ba. Ka haska kowane ruwan tsiro da DPBF ba tare da rini ba, ka kuma zana shan haskensa tun daga 350 har 750 kafin ka zaɓi fitila. Tunda ba ka san molar abin da ke ciki ba, sakamakon a giram cikin lita za ka bayar da shi.

Ko wace hanya ka bi, rubuta zafin haɗin a gefen kowace lamba, domin wa'adi a D₂O yana raguwa idan zafi ya ƙaru, oksijin da ruwa ke riƙewa ma haka. Ɗakin da ke kan digiri 35 ba zai ba da abin da aka buga a digiri 20 ba. Rubuta sunan rini da shan haskensa, ƙarfin walƙiya, tsarkin D₂O kamar yadda yake jikin kwalba da ranar da aka buɗe ta, wurin da ka fara lissafi da inda ka tsaya. Kowane ma'auni a maimaita shi sau uku da sabon haɗi, a ba da matsakaici tare da iyakar saɓanin da ke tsakaninsu.